Hannun da Na Janye Daga Akushi

Ni ne mai laifi, kuma na san haka tun da daɗewa kafin bakina ya yarda ya faɗa. Na ce yayana ba zai ga azumi mai zuwa ba. A gaban mutane na faɗa, a dakalin masallacin unguwarmu bayan la'asar, da murya irin ta wanda aka ba shi labari daga majiya mai tushe. Bana ya yi azuminsa na takwas tun daga wannan magana, bai sha ko ɗaya ba. Kuskuren hasashen ba shi ne babban laifina ba, don kowa yana iya ganin hadari ya ce za a yi ruwa, iska ta zo ta kwashe. Laifina shi ne abin da na yi wa mutumin nan don kada maganata ta faɗi ƙasa.

Ni tela ne. Karatuna allo ne, sai ɗan abin da na tsinta a firamare kafin mahaifinmu ya zaunar da ni gaban keke. Amma ba ɗinki ya sa aka san ni a Ƙofar Kuyambana ba, wankan gawa ne. Shekara talatin da 'yan kai, in namiji ya rasu a unguwarmu ni ake kira. Ni nake yanka likkafani, ni nake wanka, ni nake ɗaurewa. A hankali mutane suka fara cewa wai ina gane mai tafiya tun yana numfashi, wai in na shiga gaida mara lafiya na fito ina girgiza kai, to a fara neman masu haƙa. Ni kuwa maimakon in ce a'uzubillahi, sai na riƙa gyara zaman hula. Ba wani gani da nake yi. Tsohon da ya kwana goma bai ci ba, ƙafafunsa sun yi sanyi, ko akuyar gidan ta san inda aka dosa. Waɗanda na girgiza wa kai suka miƙe kuwa, ba mai tuna su. Mutanenmu suna son mai faɗin gobe, muddin ba tasu goben zai faɗa ba.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Shi aikin hannu yake yi, ɗinkin babbar riga, irin wanda mutum zai zauna wata biyu a kan zanen aska takwas bai ɗaga kai ba. Gida ɗaya muke, gidan gado, kowa da sashensa. Tun zamanin mahaifinmu mazan gidan a zaure suke cin abinci, akushi ɗaya. Mu huɗu muka rage: ni da Yaya da 'ya'yan baffanmu guda biyu. Kowane sashe ya fito da abin da ya dafa, a juye, a zauna. Yaya ne yake fara sa hannu, shi yake raba nama. A gidanmu, in aka ce ba a cin abinci da mutum, an gama faɗin matsayinsa.

Ciwon ya fara da baƙin tabo a dunduniyarsa ta hagu, kamar ɗigon tawada. Ya ce ƙaya ce ta karye a ciki. Ni na kawo wanzami ya tsaga. Ba a sami ƙaya ba, sai jini, wurin kuma ya ƙi rufewa. Muka yi watanni muna barbaɗa masa gari muna ɗaurewa da tsumma, har 'yarsa ta fari ta zo ganin gida. Ita haɗa magunguna ta karanta, a Abuja take aiki. Ta kwance tsumman, ta duba. Washegari ta kai shi asibiti. Suka yanki ɗan nama suka auna, suka ce sankarar fata ce, wadda suke kira melanoma. Aka yanke masa kusan rabin dunduniyar. Shekara ba ta zagayo ba sai kaluluwa ta fito masa, tauri kamar goriba, ga tari da ba ya jin magani. Aka yi hoto, aka ce abin ya kai huhu.

Ya rame har rigarsa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Ranar da na shiga na gan shi a haka, ina fitowa na wuce masallaci. Bayan an sallame, mai tiredar kan kwana ya tambaye ni.

"Malam, yaya jikin Yayan?"

Na bari sai da kowa ya juyo.

"Wanda yake da abin da zai nemi yafiya a kai, ya je yanzu," na ce. "Ba zai ga azumi ba."

Kafin magariba gidanmu ya cika. Mutanen da suka shekara ba su leƙo shi ba suka zo suka jeru a kan tabarma suna ajiyar zuciya, suna ƙirga haƙarƙarinsa da ido. Wani ma har da hawaye, mutumin da na san ya taɓa ce wa ɗinkin Yaya aikin makafi. Yaya yana jingine da filo yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya yau kowa yake neman gafarata?" in ji shi. "Ko shela aka yi ban ji ba?"

"Ai Malam ne ya ce," wani ya fara, na kusa da shi ya zungure shi.

Yaya ya dube ni. Ni kuma na dubi rufin ɗaki.

Bayan kwana biyu 'yar tasa ta same ni a shago ina kan keke.

"Baffa, kai ka ce Baba ba zai ga azumi ba?"

"Ni na faɗa. Ke kwalabe kika sani, ni gawa na sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai wani sabon magani da ake sawa ta jijiya, kamar ƙarin ruwa, duk mako uku. Ta ce shi maganin ba ya kashe ciwon da kansa, garkuwar jikin mutum yake tayarwa ta gane ciwon ta yaƙe shi. Ba kowa yake karɓa ba, ta ce, kuma ba za ta yi mini alkawarin komai ba, amma cikin waɗanda ya karɓa akwai masu shekaru suna yawonsu. Za ta tafi da shi Abuja a gwada.

"Ki bar bawan Allah ya cika a ɗakinsa," na ce. "Kada ki je ki sa ya cika a mota, a kawo mini shi a sandare."

"Baffa, ranarsa Allah ne ya sani. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba."

"Mun gode da wa'azi, Malama."

Na ci gaba da taka kekena. Maganin yana da tsadar da ta fi ƙarfin irinmu, ita da mijinta suka ɗauki nauyin. Yadda suka yi ban tambaya ba, don ni a wurina an riga an gama.

Wata biyu na farko ba abin da ya canza, ni kuma ina ta gyaɗa kai a dakali kamar ƙadangare. Wata na uku tarin ya lafa. Kaluluwar ta fara laushi, ta koma kamar ƙwallon dabino, daga baya aka neme ta aka rasa. Ya dawo gida, sai dai ya riƙa zuwa duk mako uku ana sa masa ruwan ya komo. Watan azumi ya kama, aka ga Yaya a sahun gaba yana dogara sanda. Ranar idi da ƙafarsa ya je.

Mutanen dakali ba su da amana. Waɗanda suka ɗauki maganata suka zaga da ita gida gida, su ne suka fara.

"Malam, wane azumin kake nufi? Na bana ko na baɗi?"

"Ku bar shi, wataƙila Sitta Shawwal yake nufi."

"Malam, don Allah ka shigo ka girgiza wa surukina kai, ko Allah zai sa ya miƙe."

Na riƙa dariyar yaƙe tare da su. Ɗan'uwana ya dawo daga bakin kabari, kowa yana hamdala, ni ina lissafin mutuncina. Na ce musu ai fitila in za ta mutu sai ta ƙara haske. Fitilar ta ƙi mutuwa. Yaya ya koma zaure, ya koma raba nama, ya ɗauko rigar da ya ajiye rabi ya ci gaba daga inda allurar ta tsaya.

Ana nan sai farin ya fito. Ya fara a bayan hannunsa, ɗigo ɗigo, sannan gefen baki, sannan kewayen ido. Girarsa ta dama ta yi fari fat. Matarsa ta tsorata ta kira 'yar a waya, ita kuma ta tambayi likitansa. Amsar da ta kawo, a gabana ta faɗe ta, don haka ba ni da hujjar cewa ban ji ba. Ta ce ciwon daga ƙwayoyin da suke ba fata launi ya samo asali, to garkuwar da aka tayar tana bin ciwon, sai ta haɗa da wasu masu lafiya. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, ba ya ciwo. Ta ce likitan ma murna ya yi da ya gani, don sau da yawa alama ce maganin ya kama.

Na ji duka. Na fahimta kuma, don ba ta yi da Turanci ba. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kuwa na daɗe ina neman inda zan kama tawa. Na koma dakali na ce ga shi nan, an danne ciwo ta ƙafa ya ɓullo ta fuska. Na ce albaras ne. Na ce na wanke gawa ta fi ɗari biyar, na san fata. Mutanen da jiya suke yi mini shaƙiyanci suka yi tsit, suka matso. Wallahi na ji daɗin wannan shirun. Ranar nan har cikin barci na ji shi.

Washegari da azahar aka fito da abinci, shinkafa da wake da mai da yaji. Muka zauna mu huɗu. Yaya ya yi bisimilla ya sa hannu. Na kai nawa hannun har bakin akushin, na tsaya, na janye shi na ɗora a gwiwa. 'Ya'yan baffanmu suka dube ni, suka dubi juna, su ma suka janye. Su dama tun muna yara ba su taɓa yin tunani da kansu ba.

"Ba ku jin yunwa ne?" in ji Yaya.

"Yaya, don lafiyar yara ne," na ce. "A riƙa zuba maka naka daban, kafin a ga yadda abin zai kasance."

Babu yaro ko ɗaya da yake ci a akushin nan. Shi ma ya sani. Ya dubi bayan hannunsa, ya juya shi ya dubi tafin. Ya cinye lomar da ya ɗebo, ya suɗe yatsunsa, ya jawo buta ya wanke.

"To, Malam mai gani," ya ce. "A ci lafiya."

Ya ɗauki sandarsa ya shige sashensa. Daga ranar ya koma cin abinci shi kaɗai a ƙofar ɗakinsa, a kwanon silba. Ni na zama mai raba nama.

Abin bai tsaya a zaure ba. Aka fara ba shi hannu da 'yan yatsu a masallaci, wasu su ɗaga masa daga nesa. Mai shayi ya ware masa kofi. Wani Alhaji da ya shekara ashirin yana kawo masa riguna ya aiko aka karɓi yadinsa, wai matarsa ba ta son a taɓa. Duk waɗannan mutane ne masu karatu, wasu sun yi aikin gwamnati har sun yi ritaya, suna da jikoki a jami'a. Maganar tela ɗaya ta ishe su. Da wanda ya faɗa da waɗanda suka ɗauka, ban san wa ya fi wani wauta ba, amma ni na fara.

Bayan shekara biyu aka dakatar da maganin, likita ya ce ya isa. Sai dai duk bayan 'yan watanni ya je a yi hoto, ya dawo a ce ba a ga komai ba. Bai fita haka kawai ba. Gaɓoɓinsa suna yi masa ciwo da damina, kuma akwai wata 'yar ƙwaya da zai riƙa sha kullum da safe saboda wani abu a maƙogwaronsa da maganin ya taɓa. Yana ɗingishi a kan rabin dunduniya. Amma yana nan. Unguwa ta gaji ta manta da zancen albaras, don shekaru sun wuce ba wanda ya ɗauka, har matarsa da take wanke masa kaya. Mai shayi ya mayar da kofin cikin sauran. Ni kaɗai na rage a kan bakana, ni da zaure.

A cikin shekarun nan na wanke mai tiredar kan kwana. Na wanke wanzamin da ya tsaga masa ƙafa. Na wanke mai hawayen nan. Babu ɗaya cikinsu da na hango. Kowace jana'iza Yaya yana cikin sahu da farar girarsa, ni ina sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Muna gaisawa, ina kwana Yaya, lafiya lau, shi ke nan. Shekara shida a haka, gida ɗaya, katanga ɗaya tsakanin ɗakina da nasa. 'Yarsa takan zo, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda aka koya mata, ta ajiye mini turare ko yadi. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ɗaya daga 'ya'yan baffanmu ya koma wurin ɗansa a Kaduna. Ɗayan kuma bara, da hantsi, ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar walaha, ko shurawa bai yi ba. Mutum ne mai ƙiba da ko zazzaɓi ba ya yi. Wanka yana son mai zuba ruwa, kuma a al'adar gidanmu babban gida ne yake zubawa. Yaya ya shigo ya naɗe hannun riga ya ɗauki buta. Ina cuɗawa yana zubawa, fararen hannayensa a saman nawa, ruwan da ya bi ta yatsunsa yana sauka a kan yatsuna. Ni da na taɓa gawar da ta kumbura, na taɓa mai gyambo, na taɓa wanda ba a san abin da ya kashe shi ba, ban taɓa ja da baya ba. Shinkafa da wake ce kawai na kasa ci da ɗan'uwana.

Da muka ɗaure likkafanin, kafin a kira masu ɗauka, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Akwai abin da nake so in sani tun da sauran lokaci. In tawa ta zo, za ka iya taɓa fatar nan, ko in bar wasiyya a nemo wani daga Ƙofar Doka?"

Na sunkuya ina gyara ɗaurin da na riga na ɗaure. Ya ajiye butar ya fita.

Na koma cin abinci ni kaɗai a zaure, akushin da ake yi wa mutum huɗu a gabana, ina jin ƙarar kwanon silbarsa ta bayan katanga. Duk da haka sai da na yi sati uku ina kai gwauro ina kai mari. Girman kai ko a ƙasa aka kayar da shi sai ya ce hutawa yake yi. Wata Laraba da safe na shiga sashensa. Yana zaune a kan buzu, riga a cinya, tabarau a kan hanci.

"Yaya, na zo ne a kan abin da ya wuce."

"Me ya wuce?"

"Maganar nan. Ta akushi."

"Au, ta wuce ashe? Ni ban ga wucewarta ba, jiya ma a nan na ci tuwona." Ya ja zare ya gutsure da haƙori. "A ɗakin nan ka ce ina da albaras?"

"A'a."

"To me ya kawo ka ɗakin nan?"

Na tashi na fita. Da la'asar na yi salla a sahun baya. Aka sallame, mutane suka fito suka zazzauna a dakali kamar kullum, Yaya yana can gefe yana neman takalminsa da sanda. Na miƙe a daidai inda na saba tsayawa in an tambaye ni jikin wani. Wani ya ce, "Malam, yau kuma wa za a yi wa?" aka yi dariya. Na jira ta ƙare.

"Jama'a, ku dakata, ku da kuka ji na farko ku ji na biyu," na ce. "A nan na ce yayana ba zai ga azumi ba. Ban san gaibu ba, ban taɓa sani ba, burga ce nake yi muku kuna saye. A nan na ce yana da albaras. Ƙarya na yi. An gaya mini gaskiya a gabana, na ji, na gane, na zo na faɗi akasinta don kun yi mini dariya. Na raba shi da akushin ubansa shekara shida ba da laifin komai ba sai don ya ƙi mutuwa a lokacin da na yanka masa. Yaya, ka tambaye ni ko zan iya taɓa ka. Hannuna ne bai kai ya taɓa ka ba. Na zalunce ka, na zalunci 'yarka da ta tsaya maka lokacin da ni nake auna ka da ido. Ba ni da uzuri ko ɗaya. Don Allah, don darajar iyayenmu da suke ƙasa, ka yafe mini."